Tsibiran Toronto: Wurin Shan Iska Da Babu Hayaniyar Mota

Daga gaɓar birnin Toronto na ƙasar Kanada, tafiyar kusan minti 15 a jirgin fito ke kai mutum tsibiran da ke cikin tafkin Ontariyo. Da can a haɗe suke da gari, dogon tudun yashi ne da ya miƙe cikin ruwa, sai wata guguwa ta yanke shi a 1858. Yau nan mutanen birnin ke zuwa shan iska.

Abin da ya fi burge ni game da wurin shi ne baƙo ba ya shiga da mota. In ban da motocin ma'aikata, ƙafa da keke ne ke aiki. Hatta ɗaruruwan mutanen da ke zaune a tsibiran Ward's da Algonquin a keke da kura suke ɗauko cefanensu daga bakin jirgi. Saboda haka uwa kan saki yaronta ya yi ta gudu a kan hanya hankalinta kwance, abin da ke da wuya a cikin gari. Ana ba da hayar keke a Centre Island, har da mai ƙafa huɗu wanda iyali guda ke hawa su tuƙa tare. Daga Ward's zuwa Hanlan's Point kusan kilomita 5 ne, kuma a hanya ake wuce hasumiyar Gibraltar Point, wadda aka gina a 1808 don haska wa jiragen ruwa hanya. A ganina wanda ya yi wannan tafiya a hankali, yana tsayawa inda ya ga dama, shi ya fi kowa morewa.

Mai son ruwa zai iya hayar kwale-kwale ya bi ƙananan mashigan da ke tsakanin tsibiran, inda ruwan ke kwance, agwagi na kai da komo. Yara kuwa Centreville suke nufa, wurin wasan da aka buɗe a 1967, ga kuma wata ƙaramar gonar dabbobi a gefensa.

Akwai wuraren iyo da dama, amma a kula: a gaɓar Hanlan's Point an halatta wa mutane zama tsirara. Mai tafiya da iyali ya nufi ta Centre Island ko ta Ward's.

Tafkin ma yakan yi fushi. A 2017 ruwa ya cika ya malale tsibiran, aka rufe wurin har ƙarshen Yuli. Da hunturu kuma jirgin Ward's kaɗai ke aiki.

Idan Allah ya kai ka Toronto da bazara, ka sayi tikitinka ta intanet, ka yi sammako kafin layi ya yi tsawo, kuma ka tambayi lokacin jirgin ƙarshe tun kafin ka sauka.