Shuka Zogale A Gida Da Hanyoyin Amfani Da Shi

Zogale, wanda wasu ke kira zogalagandi, itace ne da asalinsa ya fito daga ƙasar Indiya, amma ya daɗe da zama ɗan gida a ƙasar Hausa. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun yi nisa wajen nomansa, musamman a lambunan Jiratawa da ke bakin Gulbin Maraɗi, inda ya zama sana'ar da ake ci da iyali.

Mu a Ƙaramar Hukumar Jibiya muna da dalilin mayar da hankali gare shi. An rufe iyakar Magama daga Agustan 2019 zuwa Afrilun 2022, aka sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024. Wannan ya nuna cewa abin da ke zuwa daga tsallaken iyaka yana iya yankewa dare ɗaya. Haka kuma matsalar tsaro ta hana manoma da dama zuwa gonakinsu na nesa. Itacen da ke tsakar gida kuwa, babu shingen da zai raba mai shi da shi.

Yadda ake shukawa

Zogale yana son ƙasar jigawa irin tamu, ba ya son inda ruwa ke kwanciya. Ana shuka shi ta hanyoyi biyu:

1. Iri: a haƙa rami, a cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen takin gida, a sa ƙwaya 2 a zurfin da bai wuce gaɓar yatsa ba. Yakan tsiro cikin mako 1 zuwa 2. Wannan hanya ta fi jure fari, domin saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai.

2. Reshe: a saro ƙosasshen reshe mai tsawon mita 1, a binne sulusinsa. Ya fi saurin ba da ganye, sai dai a riƙa lura da gara.

Farkon damina ne lokacin da ya fi dacewa. A kewaye shukar da ƙaya ko kara, domin awaki ba sa ɗaga mata ƙafa. Idan ta kai ƙugun mutum, a tsinke kanta. Wanda ya ƙyale ta za ta miƙe sama, ganye ya yi kaɗan, hannu kuma ya kasa kaiwa. Da rani, ruwan alwala da na wanke hatsi sun ishe ta.

Amfaninsa

Ganyen zogale yana ɗauke da sinadaran gina jiki da na ƙara jini da na ƙarfafa ƙashi, da kuma bitamin A mai taimakon gani. Ana yin kwaɗo da shi da ƙuliƙuli, ana sa shi a dambu da miya. Domin ajiya, a wanke ganyen a shanya a inuwa, saboda rana tana rage amfaninsa. Idan ya bushe a daka, a riƙa barbaɗa garin a kunun yaran da suka wuce wata 6.

Busassun 'ya'yansa suna kwantar da laka. A ɓare ƙwaya 1 ga kowace lita ta ruwa, a daka, a zuba a motsa, a bar shi awa 1 zuwa 2, sannan a tace. Duk da haka wajibi ne a tafasa ruwan kafin a sha.

Muna jan hankalin jama'a cewa zogale abinci ne, ba ya maye gurbin maganin asibiti. Mai ciwon suga ko hawan jini kada ya bar maganinsa. Mata masu juna biyu su nisanci saiwa da ɓawonsa.

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da kansiloli da su isar da wannan saƙo a masallatai da wuraren taro. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na hukumar KTARDA da ke yankinsa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.