Fatar Kujerar Mota: Gyara Ko Lulluɓi?

A ƙarshen bazarar bara na tsaya a Shanga domin sallar Azahar, ina kan hanyata daga Koko zuwa Yelwan Yawuri. 'Yar inuwar darbejiyar da ke bakin masallacin duk babura sun cinye ta, dole na bar motar a rana. Da na dawo na buɗe ƙofa, hucin da ya doke ni a fuska sai ka ce na leƙa tandar burodi, ina zama kuma na ji fatar kujera ta dare a ƙarƙashin cinyata ta hagu. Ba ranar abin ya fara ba. Na fi shekara ina ganin ƙananan tsage-tsage a gefen kujerar, irin na ƙasar fadama idan ruwa ya janye, ina kawar da kai.

Wani zai ce me ya kai fatar kujera shafin jarida, alhali ga matsalar tsaro ga tsadar abinci. Amsata ita ce mota a yau dukiya ce da ba kowa ke iya mayar da ita ba idan ta lalace. Yawancin motocin da muke hawa na hannu ne, sun gama ƙuruciyarsu a Amurka ko Turai kafin su iso mana. A watan Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, a 2023 kuma aka cire tallafin fetur, darajar Naira ta faɗi. Malamin makarantar da a da yake canza mota bayan shekara biyar, yanzu addu'arsa ita ce ta kai shi ritaya. Ranar da larura ta sa ya kai ta bakin dillalai kuwa, kafin a buɗe inji an leƙa kujera, kuma tsagar da ba ta fi tsawon yatsa ba ta isa ta zaftare masa kuɗi mai yawa.

Kuskuren farko da hannuna na yi shi. Wani yaro mai wankin mota ya ce in shafa man kaɗe, wai fata yunwar mai take ji. Maganar ta shige ni, domin haka muka taso muna gani ana yi wa salka da sirdi da takalmi. Na shafa. Cikin mako guda wurin ya yi baƙi, ƙura ta manne, farar rigata ta Juma'a ta kwashi rabonta, tsagar kuma tana nan yadda take.

Wani dattijon baduku da na sani tun ina yaro, mai ɗinkin kube da layu a kasuwa, shi ya warware mini. Ya tsoma yatsa a buta ya ɗiga ruwa a kan kujerar, muka tsaya muna kallo. Ɗigon ya tsaya cak kamar a kan faranti. Ya ɗauko guntun fata daga jakarsa ya ɗiga, nan take ta shanye. Ya ce: "Ɗana, taka an toshe mata baki. Fata ce, amma an sa mata riga. Ko tulun mai ka juye mata ba za ta sha ba." Na ce: "Baba, to mene ne maganinta?" Ya ce wannan kuma ba jimarsu ba ce.

Dattijon bai yi boko ba, amma abin da ya faɗa shi ne ainihin bayanin. Majemanmu da bagaruwa suke jima, sai a rina da karan dafi idan ja ake so, fatar ta fito ƙofofin gashinta a buɗe, tana shan ruwa tana shan mai. Irin wannan jima ta jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ce ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko saboda ta can take isa hannunsu. Fatar kujerar mota kuwa ta sa ce, galibi an jeme ta da sinadarin kurom a masana'anta, aka fesa mata launi, aka bi da wani siririn rufi mai kama da roba domin ya tare gumi da datti. Wannan rufin ne ke fara tsagewa, fatar da ke ƙasa tana nan lafiya. Wanda ya gane haka da wuri ya huta, domin gyaran fenti yake gabansa. Wanda ya yi sakaci irina har tsagar ta ratsa fatar, ya koma neman faci.

Yankinmu kuma bai raga wa fata ba. A watannin Maris da Afrilu zafi kan haura maki 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya wuce 60. Da damina iskar bakin tafkin Kainji mai laima ce, fata ta sha ta kumbura, hunturu ya zo ya busar da ita ta motse, shekara da shekaru ana wannan ja-in-ja. Ƙurar da ta kwanta a lungun ɗinki tana gurzar rufin duk lokacin da mutum ya zauna, tamkar sanfefa. Sai mu ƙara da namu: garin sabulun wanki, kalanzir, wani har fetur yake sa wa tsumma don ya cire tabo, ya cire da fentin gaba ɗaya.

A Yelwa na sami mai kushin kusa da tasha, matashi mai hannu, da kekensa da tulin soso a bayansa. Ko taɓa kujerar bai yi ba ya ce zaɓi biyu ne, ko ya ɗinka mata riga ya lulluɓe, ko ya yaye fatar ya sa leda. Na ce gyara nake so. Ya yi dariya ya ce: "Maigida, ai ba a gyara wannan." Ban ga laifinsa ba. Abin da ubangidansa ya koya masa ke nan, kuma shi ya fi saurin kawo kuɗi. Amma riga ɓoye ciwo kawai take yi, fatar na ci gaba da darewa a ƙarƙashi har soso ya fara fita. Leda kuwa kyanta na watanni ne, ga ƙona baya da rana, idan ta fara ɓarewa kuma ba ta da magani. Na kuma lura fatar da aka yaye daga kujerun mutane ba a juji take ƙarewa ba, masu takalma na jiran ta. Wato abin da aka ce maka ya mutu, wani zai saya da kuɗinsa.

Sai da na aika Kano aka sayo mini kayan aikin, muka zauna da shi yini guda. Ya ciro kujerar, muka wanke da sabulu marar kaifi har man kaɗen ya fita, ta bushe a inuwa. Da ya ɗaga fatar sai ga tushen matsalar, soson gefen ya murƙushe saboda shiga da fita, fatar ta rasa abin jingina tana lanƙwashewa wuri guda kullum. Ya cike soson. Ya zura ƙyalle mai ƙarfi ta bayan tsagar ya manne da gam mai laushi, ba irin mai ƙamewa nan take ba, wanda kan sandare ya karya fatar a gefensa. Ya rage kaifin bakin tsagar da sanfefa mai laushi, sannan ya shiga shafa makwaɓin cike tsaga, siriri siriri, kowane shafi sai ya bushe kafin na gaba. A nan haƙurinsa ya kusa ƙarewa, ya so ya lafta gaba ɗaya mu tashi. Haɗa launi ya fi komai wuya, domin kujerar da ta sha rana shekara goma ba launin kamfani gare ta ba, sai da muka gwada sau huɗu a ƙasan kujera inda ido ba ya kaiwa. Abin da na kashe duka bai kai rabin kuɗin leda ba.

Ana cikin aikin ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗinkin gefen majinginar kujerar fasinja ya ɗan warware, sai ya jawo zaren da masunta ke ɗinke koma da shi, wanda hannu ba ya tsinka shi, zai bi ɗinkin. A daidai wurin akwai ɗan tambari mai haruffan SRS. Ma'anarsa akwai jakar iska a cikin majinginar, wadda ke fashewa ta kumbura cikin ƙiftawar ido idan an bugi mota ta gefe, ta tare haƙarƙarin mutum. Kamfanin Volvo ne ya fara sa irinta a 1994, yanzu kuma Camry da Accord da Corolla da yawa da ke kan titunanmu suna da ita. Da gangan aka yi ɗinkin wurin da zaren da zai tsinke, domin ta nan jakar za ta fito. Wanda ya ɗinke shi da zaren koma, ko ya lulluɓe kujerar da riga mai kauri marar ƙofa, ya kulle ta a ciki. Duk mai bin hanyar Kontagora zuwa Jega ta Yawuri ya san yadda ake gogayya da tireloli da motocin albasa a kanta. Na tambayi matashin kujera nawa ya ɗinke haka. Ya yi shiru, can ya ce bai taɓa sanin akwai wani abu a ciki ba.

Ga ƙasa mai tarihin jima na ɗaruruwan shekaru, ga masana'antun fata a Challawa da Sharaɗa a Kano, ga cibiyar nazarin fata ta ƙasa a Samarun Zariya, amma yaron da ke riƙe da basilla a tashar Yelwa babu wanda ya taɓa zama da shi ya ce masa wannan fata ce mai rufi, wannan ɗinkin kuma kada ka taɓa. Horon mako biyu zai wadatar. Ƙananan hukumomin Shanga da Yawuri da Ngaski suna iya gayyato malaman cibiyar su tara masu kushin da dukawa a zaure guda, tun da ɗaya ya san keke da soso, ɗayan ya san halin fata da yatsansa. Ƙungiyar direbobi ma tana da bakin magana, domin 'ya'yanta ne ke wuni a kan waɗannan kujeru.

Kujerata ta ga bazara guda tun bayan gyaran. Wani siririn layi ya sake bayyana a gefen facin, sauran yana nan lafiya. Yanzu ina yawo da kwali na tare gilashin gaba, ina kuma goge ƙura da danshin tsumma duk Juma'a. Ɗinkin kujerar fasinja kuwa na hana a taɓa shi, yana nan a warware. Na bi ta wurin matashin a watan jiya, na tarar yana ɗinka wa wata Sienna riga, ya bar tsaga a gefen majingina, mai motar na tsaye a kansa yana faɗa wai an yi masa aiki rabi.