Hanyar Tsarnawa zuwa Tawa: Gajeriyar hanyar da ke ɗauke da kasuwannin Adar

Duk wanda ya taɓa sayen rago ko sa a kasuwar Barmu da niyyar kai shi Sakkwato, da duk wadda ta taɓa zama a kasuwar Tawa ranar Lahadi tana jiran motar da za ta kawo mata atamfa, manja da kayan roba daga Nijeriya, sun san hanyar da za mu yi magana a kanta yau, ko da ba su san lambarta ba. A takardun gwamnati sunanta hanyar ƙasa mai lamba 29, amma a bakin direbobi da ’yan kamasho ita ce hanyar Ƙwanni.

Tsawonta kimanin kilomita 120 ne. Ta tashi daga Tsarnawa, garin albasa, ’yan kilomitoci gabas da Birnin Ƙwanni, inda ta rabu da babbar hanya mai lamba 1 wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram. Daga nan sai ta miƙe arewa, ta ratsa yankin kwarin Magiya, ta bi ta Dabnu, ta isa Badagishiri mai babbar kasuwa. A nan ne ake ratsewa zuwa Illelar Adar, mazaunin Sarkin Adar, wadda bai kamata a haɗa ta da Illelar jihar Sakkwato da ke bakin iyaka ba. Bayan Badagishiri sai hawa da gangara a cikin duwatsu har Tawa, inda ta haɗu da hanya mai lamba 25 mai zuwa Abalak, Agadas da Arlit. Mutanen Barmu, da ke arewa maso gabas da Tawa, ta wannan ɓangare suke shigowa gari kafin su kama hanyar kudu.

Tun kafin zuwan mota fatake suke sauka daga Adar zuwa ƙasar Sakkwato da jakuna da raƙuma, su kai dabbobi da gishiri, su dawo da hatsi, goro da tufafi. Abin da ya so ya raba wannan zumunci shi ne yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, wadda ta zana da’ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta bar wa Ingila, Ƙwanni kuma tana ciki. Sai ya zama dole Faransawa su bi ta Filinge da Tawa kafin su kai Damagaram, hanyar da rijiyoyinta ba su da yawa. Wahalar ruwan ce ta sa suka nemi a sake zama, aka gyara iyakar a 1904 da 1906, Ƙwanni ta koma hannunsu. Daga lokacin babbar hanyar gabas da yamma ta koma kudu, Tawa ta rage a gefe, wannan gajeriyar hanya kuwa ta zama ƙofarta.

A zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1976 da 1980, aka gina doguwar hanyar Tawa zuwa Arlit, mai fiye da kilomita 600, saboda ma’adinin yuraniyom. Ita ce ta yi suna, ita ake ambata a rediyo. To amma shekara da shekaru manyan motocin da a da suke ɗauko ma’adinin zuwa tashar jirgin ruwa ta Kwatano, da masu kai kayan aiki arewa, duk sai sun taka kwaltar Tsarnawa zuwa Tawa, tare da motocin albasa, na dabbobi da na fasinja.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu ja hankalin ’yan kasuwa shi ne, kuɗin wannan hanya daga aljihunmu yake fita. Idan rami ya yi yawa, direba zai ƙara kuɗin mota saboda taya da mai, dillali ya ɗora a kan buhu, mai talla ta rage awo. Albasa ba ta jira, buhun da ya kwana biyu a rana cikin motar da ta lalace ya rage daraja. Ragon da ya sha jijjiga da ƙishirwa yakan isa kasuwa a rame, mai saye ya taya shi yadda ya ga dama. Da damina kuma ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Adar yakan cika ƙoramu cikin ɗan lokaci, ya ci gefen hanya.

Mun kuma ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Daga Ƙwanni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, amma ƙofar Illela ta kasance a rufe har watan Maris na 2024. A waɗannan watanni masu dabbobi a arewacin Adar sun rasa manyan masu sayensu, matan kasuwa kuma sun sha tsadar kayan masarufi.

Kiranmu ga hukumomi shi ne a riƙa cike ramuka da yashe ƙarƙashin gadoji kafin ruwan farko, a riƙa auna nauyin manyan motoci, a kuma sauƙaƙa tsayuwa a shingaye ga masu ɗauke da dabbobi da kayan gwari. Mu ma muna da namu laifin, domin mu ne muke matsa wa direba ya ƙara buhu goma a kan abin da motar za ta iya, sannan mu ɗora mata da yara a saman kaya. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Ƙungiyoyin ’yan kasuwa da na direbobi a Barmu, Tawa, Badagishiri da Tsarnawa za su iya haɗa baki su kai kukansu wuri guda tun kafin damina ta kama.

Allah Ya kiyaye matafiya, Ya sa albarka a cikin nemanmu, amin.