DALLA-DALLA: Abin da ke hana hitar motar dizal ba da ɗumi, da haɗarin da ke ɓoye a bayan matsalar

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗawa, shi ne lokacin da direbobi da yawa a Arewacin Najeriya da Kudancin Nijar ke tunawa cewa motarsu tana da hita. Wanda ya yi sammako daga Jos, ko ya hau tsaunin Mambila, ko ya kwana a hanyar Agadas, yakan murɗa maɓallin ɗumi, sai iska mai sanyi ta bugo masa fuska. Galibi ana ɗaukar abin da wasa, a ce ai ƙasar zafi muke, sanyin ma na 'yan makonni ne.

Sai dai rashin ɗumin hita sau da yawa saƙo ne daga cikin injin. Ruwan da ke ɗumama ɗakin mota shi ne dai ruwan da ke hana injin ƙonewa. Idan ya kasa kaiwa ga hita, akwai yiwuwar ba ya zagayawa yadda ya kamata, kuma injin dizal da ya ƙone kai yana iya cinye kuɗin da mai mota ya tara a shekara.

Daga ina ɗumin yake fitowa?

Hitar mota ba ta da wutar kanta. Wani ɗan ƙaramin lagireto ne da aka ɓoye a bayan dashbod. Famfon ruwa yana tura ruwa ya zagaya cikin injin ya kwashi zafi, wani kaso ya bi tiyo ya shiga wannan ƙaramin lagireto, fanka ta hura iska ta cikinsa zuwa ga fasinjoji, sannan ruwan ya koma ta wani tiyon. Tsakanin injin da babban lagireton gaba kuma akwai wata 'yar ƙofa da kanikawa ke kira tamostat. Tana nan a rufe har sai ruwan ya kai wani mataki na zafi, a mafi yawan motoci tsakanin digiri 80 zuwa 92 a ma'aunin Salshiyas, sannan ta buɗe ruwa ya tafi ya sha iska.

Injin dizal yana da wata ɗabi'a da ta bambanta shi da na fetur. Ya fi iya juya mai zuwa ƙarfi, don haka zafin da yake zubarwa bai kai na fetur ba, musamman idan motar tana tsaye tana silo. Wannan ne ya sa kamfanonin Turai suka riƙa ƙara wa motocinsu na dizal hita ta taimako, wata mai aiki da lantarki, wata kuma mai ƙona ɗan dizal, irin wadda kamfanonin Webasto da Eberspächer na Jamus ke ƙerawa. Volkswagen Sharan ta dizal, 'yar'uwar motar hayar nan da ake kira Sharon, tana cikin masu zuwa da irin wannan. Saboda haka jinkirin ɗumi a mintunan farko ba lallai ne ya zama cuta ba. Abin dubawa shi ne motar da ta yi tafiyar minti ashirin a kan titi amma har yanzu iskarta sanyi ƙalau.

Ɗabi'u uku da suka zama ruwan dare

Yawancin waɗannan motoci sun shigo ne a matsayin na hannu ta tashoshin Kwatano da Legas, kuma da zarar sun iso sukan gamu da gyare-gyare uku.

Na farko shi ne cire tamostat. An daɗe ana gaya wa masu mota cewa don ƙasashen ƙanƙara aka yi ta. Gaskiyar magana, aikinta shi ne riƙe injin a kan zafin da aka tsara masa, ko a Berlin yake ko a Birnin Kebbi. Injin dizal da ke aiki da sanyi yana shan mai fiye da kima, yana tara baƙin toka, kuma man da bai ƙone ba yana iya gangarawa ya tsinka baƙin mai. A motocin da aka ƙera wa Turai daga shekarar 2009, lokacin da dokar hayaƙi ta Euro 5 ta fara aiki, akwai matatar toka a salansa wadda ake kira DPF, kuma kwamfutar motar ba ta fara ƙone tokar da ta taru sai injin ya yi zafi sosai. Idan babu tamostat, matatar takan toshe.

Na biyu shi ne zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla a lagireto. Ruwan da aka tanada don wannan aiki yana ɗauke da sinadarin da ke hana tsatsa, kuma idan aka gauraya shi rabi da rabi da tataccen ruwa ba ya tafasa sai ya kai kusan digiri 107, tun kafin a haɗa da matsin murfin lagireto. Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa a gaɓar teku, a Jos kuwa, mai tudun kusan mita 1,200, yana tafasa ne a wajen digiri 96. Banda haka yana barin tsatsa da ƙasa-ƙasa, kuma inda suka fi saurin toshewa shi ne siraran hanyoyin hita.

Na uku shi ne kewaye hitar gaba ɗaya. Idan ta fara yoyo, da yake ciro ta yana buƙatar kwance dashbod, sai a haɗa tiyo biyun da juna a bar ta a mace. Wanda ya sayi motar daga baya ba zai sani ba sai ranar da sanyi ya kama shi.

Yadda ake gano bakin zaren

Binciken yana farawa ne da injin a sanyaye. Kada a taɓa buɗe murfin lagireto ko na robar ruwa alhali injin yana da zafi, domin ruwan yana ƙarƙashin matsi kuma yana iya tsartuwa ya sale fata. A duba ko ruwan ya kai alamar da aka zana. A motoci da yawa hita tana daga sama ne a tsarin zagayen ruwan, don haka ita ce ta farko da ke bushewa idan ruwa ya ragu. A kuma bi tiyo biyun da ke shiga bangon da ya raba injin da ɗakin mota, a tabbatar ba a kewaye su ba.

Daga nan sai a tuƙa motar ana lura da allurar zafi. Idan ba ta kai tsakiya ba, ko tana hawa a cunkoso sannan ta faɗi da zarar an hau babban titi ko gangara, tamostat ta maƙale a buɗe ko kuma an cire ta. Wata alamar ita ce babban tiyon sama na lagireto ya fara ɗumi tun mintunan farko bayan tayar da injin, maimakon ya jira sai ƙofar ta buɗe. Na'urar binciken kwamfuta takan nuna lambar P0128 a irin wannan hali, kuma ta fi allura faɗin gaskiya, domin a wasu motocin an tsara allurar ta tsaya a kan 90 ko da zafin ya ɗan sauka ko ya ɗan hau.

Idan injin ya yi zafi daidai, sai a taɓa tiyo biyun na hita a hankali, ana kiyaye fanka da bel. Idan dukkansu suna da zafi, ruwa yana zagayawa, matsalar tana cikin dashbod ne: ko dai ƙyauren da ke gauraya iska mai zafi da mai sanyi ya maƙale, ko ɗan motan da ke juya shi ya mutu, ko kuma ƙurar hunturu ta toshe matatar iskar ɗaki. Idan ɗaya yana da zafi ɗaya kuma sanyi, hitar ta toshe, ko bawul ɗin da ke buɗe mata ruwa bai buɗe ba. Sau da yawa wanke ta da ruwa ta bayan hanyar da ruwan ya saba bi yana warware toshewar, amma a guji matsi mai ƙarfi don kada ta fashe.

Idan kuwa dukkansu ba su da zafi alhali injin ya ɗau zafi, nan ne hankali ya kamata ya tashi. Ko dai iska ta maƙale a cikin hanyoyin ruwa, abin da ke yawan faruwa bayan an canza lagireto ba a fitar da iska ba, ko kuma famfon ruwa ya gaza. Alamar da ke tona asirin waɗannan biyun ita ce ɗumi ya zo idan an taka totur, ya ɓace idan an saki. Wasu famfunan suna da fiffiken roba wanda kan tsage ko ya saki sandarsa, sai bel ya yi ta juyawa amma ruwa bai motsa ba. A injinan da bel ɗin tayimin ke juya famfon, an fi so a canza su tare.

Idan ruwa yana ɓacewa babu yoyo

Wannan shi ne mataki mafi tsada. Warin zaƙi-zaƙi a cikin mota, gilashi mai maiƙo da ke yin raɓa, da shimfiɗar ƙasa mai laima a gefen gaba suna nuna hitar ce ke yoyo. Amma idan ciki da ƙasan mota duk a bushe suke, kuma kullum sai an ƙara ruwa, wurare biyu ake zargi. Ɗaya shi ne na'urar sanyaya hayaƙi ta EGR, wadda idan ta tsage ruwa yake bi ta cikinta ya fita ta salansa a matsayin farin tururi. Ɗayan shi ne gaskit ɗin kan injin. Injin dizal yana matse iska kusan ninki 15 zuwa 22, sama da na fetur nesa ba kusa ba, don haka ƙaramar kafa ta isa ta tura hayaƙi cikin ruwa. Sai a ga kumfa tana tasowa a robar ruwa, tiyo ya ƙage kamar dutse jim kaɗan bayan tayar da injin, hita kuma ta riƙa zuwa tana ɗaukewa.

Kafin a amince a kwance kan injin, mai mota yana da haƙƙin neman a yi masa gwaji biyu: gwajin matsi da famfon hannu, da gwajin shuɗin ruwan da ke canza launi idan akwai hayaƙi a cikin lagireto. Har murfin lagireto ma a gwada shi, domin murfin da ya saki yana iya zubar da ruwa ya sa a zargi gaskit, alhali canza shi shi ne gyara mafi araha a duk tsarin.

Amfanin hita ya wuce jin daɗi

Da asubar sanyi, iska mai ɗumi ce ke share raɓar da numfashin fasinjoji ke tarawa a gilashin gaba. Direban da ke goge gilashi da tsumma yana tuƙi cikin hazo yana wasa da rayukan mutane ne. Haka kuma idan allura ta fara hawa a tsakiyar daji, kunna hita har ƙarshe yana janye wani kaso na zafin injin har a samu wurin tsayawa, kuma motar da aka kewaye wa hita ta rasa wannan mafita. Kada kuma sanyi ya sa a shigar da kaskon gawayi cikin mota, domin iskar da yake fitarwa tana kisa ba tare da wari ba. Ruwan lagireton da aka zubar ma guba ne mai zaƙi, a kawar da shi daga inda yara da dabbobi za su kai.

Mai mota da ya mayar da tamostat a wurinta, ya zuba ruwan da littafin motarsa ya ambata, ya kuma riƙa kunna hitar na 'yan mintuna lokaci-lokaci ko da a watan Afrilu ne, zai iya gane matsala tun tana matakin tiyo da murfi, kafin ta kai ga kwance injin.