Ɗan Kano Da Ya Bi Sawun Sauro Har Cikin Randa

 

Kwanan baya ina koyar da 'yan aji shida darasin kiwon lafiya a makarantarmu ta nan Dakata, sai wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, in sauro yana shan jinin mara lafiya ya koma kan mai lafiya, me ya sa ba ya ɗauko kowace irin cuta?" Tambayar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin irinta ce wasu masana suka ƙare rayuwarsu suna neman amsarta. A cikinsu har da wani ɗan Jihar Kano, Farfesa Abdulsalami Nasidi. Labarinsa nake so in ba ku yau, domin ƙarshen labarin yana cikin randunanmu.

Da farko sai mu bambance. Yawancinmu in an ce sauro, zazzaɓin maleriya muke tunawa. Wannan kuwa wani irin sauro ne ke kawo shi, mai cizo da dare. Amma akwai wani sauron dabam, baƙi, mai ratsin fari a ƙafafu, wanda masana ke kira Aedes aegypti. Shi da rana yake cizo, musamman da safe da kuma bayan la'asar. Shi ne ke yaɗa zazzaɓin shawara, da zazzaɓin dengi, da Zika. Abin da ke haddasa waɗannan cututtuka wata ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, wadda don ƙanƙanta ko madubin likita na yau da kullum ba ya iya nuna ta.

Ga amsar tambayar ɗalibata. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, domin tana bukatar jini kafin ƙwanta ya ƙosa. In ta sha jinin mai zazzaɓin shawara a kwanakin farko na ciwon, ƙwayar cutar sai ta ratsa cikinta, ta hayayyafa a jikinta, sannan ta kai ga inda miyaunta yake taruwa. Wannan tafiya takan ci kamar kwana 9 zuwa 12. Daga nan duk wanda ta ciza sai ta tofa masa cutar tare da miyau, kuma haka za ta yi ta yi har ta mutu. Ƙwayar cutar da ba ta iya wannan tafiya, kamar ta ƙanjamau, narkewa take yi a cikin sauron kamar sauran abinci. Shi ya sa sauro ba ya yaɗa ƙanjamau.

Ba a kai ga wannan sani da sauƙi ba. A shekarar 1881 wani likita a ƙasar Kyuba, Carlos Finlay, ya ce sauro ne ke yaɗa shawara, mutane suka ƙi yarda. Sai a 1900 wani likitan sojan Amurka, Walter Reed, da abokan aikinsa suka tabbatar da maganarsa. A 1927 kuwa ana ta bincike a kan cutar a ƙasarmu, a Yaba ta Ikko. A wannan shekara aka samo ƙwayar cutar daga jinin wani mutum mai suna Asibi a ƙasar da ake kira Gana yanzu, kuma a shekarar ce ɗaya daga cikin masu binciken, Adrian Stokes, ya kamu da cutar ya mutu a Ikko. Daga ƙwayar cutar Asibi ɗin nan aka samo allurar rigakafi a 1937, ita ce kuma ake yi wa 'ya'yanmu har gobe.

To, a wannan Yaba ɗin Dakta Nasidi ya zo ya yi aiki. Ya yi karatun likita a Tarayyar Sobiyet, ya kuma zurfafa a ilimin ƙwayoyin bairos a birnin Mosko, har ya sami digirin digirgir. Da ya dawo gida ya yi aikin bincike a Ikko, kuma a shekarun 1980 ya shugabanci ma'aikatar Gwamnatin Tarayya ta Yaba, inda ake haɗa allurar rigakafin shawara a wancan zamani. Yana nan sai annoba ta taso.

A ƙarshen 1986 shawara ta ɓarke a yankin Oju na Jihar Binuwai. Masu binciken da suka je, yana cikinsu, sun ƙiyasta mutum 9,800 suka kamu har idonsu ya yi rawaya, 5,600 suka rasu. A can wani sauron daji ne ya yaɗa ta, danginsu ɗaya da namu na gida. Ba a gama jimamin wannan ba, sai a watan Afrilu da Mayu na 1987 cutar ta ɓulla a Jihar Oyo, ta fi tsanani a wajen Ogbomosho. Wannan karon kuwa a cikin gari take, ba a daji ba.

Nan fa aikin bin sawu ya tashi. Dakta Nasidi da abokan aikinsa, a cikinsu akwai Oyewale Tomori wanda ya yi karatun likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Thomas Monath na Amurka, suka shiga garuruwa da ƙauyuka. Ana ɗibar jinin marasa lafiya da na masu lafiya, ana tambayar gida nawa aka yi rashi, masana ƙwari kuma suna leƙa duk wani mazubin ruwa. A hukumance an ba da rahoton mutum 805 sun kamu, 416 sun rasu. Amma da suka auna jinin mutane a ƙauyuka 3, sai suka ga kusan ɗaya cikin kowane mutum biyar cutar ta shiga jikinsa, watau ɓarnar ta fi abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Rahoton ya fito a 1989, sunan Nasidi ne a kan gaba.

Abu biyu suka gano waɗanda ya kamata kowace uwar gida ta riƙe. Na farko, ga alama matafiya ne suka ɗauko cutar a jininsu daga gabas suka kawo ta. Na biyu, sauron da ya karɓa ya raba wa jama'a, a mazuban ruwa na cikin gidaje yake hayayyafa. Daga baya wasu masanan suka gwada sauron yankin a ɗakin bincike, suka ga ashe ma ba gwani ba ne wajen ɗaukar cutar. Yawansa ne ya yi ɓarnar. Hausawa suka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to ga shi nan.

Farfesa Nasidi ya ci gaba da aiki a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, kuma shi ne ya fara jagorantar hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, daga 2011 zuwa 2016. A zamaninsa aka yi fama da Ebola a 2014, aka kuma ci ƙarfinta.

Wata za ta ce, "Malama, ai wannan labarin kudu ne, kuma an daɗe." A'a, 'yar'uwa. Shawara ta dawo Nijeriya a 2017, inda aka fara ganinta a Jihar Kwara. A 2019 ta ɓarke a Jihar Bauci, wajen Alkaleri da Yankari. A watan Nuwamba na 2023 kuma aka tabbatar da zazzaɓin dengi a Sakkwato. Kano kuwa gari ne na baƙi. Dubi mazajenmu da ke aiki a kamfanonin Bompai, da Sharaɗa, da Challawa, tare suke da mutanen kowace jiha, manyan motoci kuma ba sa daina shigowa ta hanyar Haɗeja da ta Zariya.

Yanzu ki dubi tsakar gidanki. Mu nan Dakata ruwan famfo ba kullum ba, sai mu saya wajen 'yan garuwa mu cika randa, da duro, da jarkoki, da bokitai. Wannan sauro ba ruwan kwata ya fi so ba, ya fi son ruwa mai tsabta da ke zaune, irin wanda muke sha. A jikin mazubin yake manna ƙwansa, dab da saman ruwan, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba. Ranar da aka sake zuba ruwa sai ya ƙyanƙyashe. 'Yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da kike gani a gindin duro, su ne. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Kuma ba ya tashi da nisa, saboda haka wanda ya ciji ɗanki, ko a gidanki aka haife shi ko a maƙwabta.

Don haka ga abin da nake roƙonmu. Sau ɗaya a mako, a ce ran Asabar, a juye randa da duro, a goge cikinsu da soso sosai, domin zubar da ruwan kawai ba ya cire ƙwan. A rufe kowane mazubi ruf. Faifan da ya yage ba murfi ba ne. A zubar da ruwan kaskon kaji a sake wani. Tsohuwar taya, da gwangwani, da fasasshen tulu da ke bayan ɗaki a kawar da su kafin damina. Jariri in zai yi barcin rana a sa shi cikin gidan sauro. A kuma yi wa maƙwabciya magana cikin lumana, tun da sauro bai san katanga ba. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari da ke leƙa randuna gida-gida. Yau mu ne duba-garin kanmu.

Babban makami kuwa shi ne allura. Ana yi wa yaro ta shawara in ya cika wata 9, rana ɗaya da ta ƙyanda, kuma guda ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ki ɗauko katin ɗanki yau ki duba. In babu, ki nemi izinin maigida ki kai shi asibitin sha-ka-tafi mafi kusa. Cutar ba ta da maganin da ke kashe ta, kuma a cikin waɗanda ta yi wa tsanani kusan rabi ba sa tashi. In kika ga zazzaɓi tare da rawayar ido, ko amai da jini, kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti nan da nan.

Ku kuma 'yan makaranta, ku lura da cewa duk wannan aiki daga tambaya ya fara, irin wadda ƙanwarku ta yi mini a aji. Kada ku guji darasin kimiyya da lissafi. Ga Jami'ar Bayero nan kusa da mu, ga asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano. Macen da ta san randa tun tana ƙarama, wa ya fi ta cancantar bincika abin da ke cikinta? Iyaye kuma a bar su su yi karatu.

Allah ya tsare mu da zuriyarmu, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.