Tauraron ɗan Adam ba ya ganin ruwan sama

Tun da hasashen damina ya shigo wayoyin hannu, manoman shinkafa a Bagudo suka rabu biyu. Wasu na cewa tunda tauraron ɗan Adam ya gani, magana ta ƙare. Wasu kuwa, ranar da aka ce za a yi ruwa a Kaoje hadari ya watse, sai su ce ai duk shaci-faɗin Turawa ne.

Na farkon sun fi ba ni takaici. Tauraron Meteosat, da ke tsaye kimanin kilomita 36,000 sama da mu, ba ya ganin ɗigon ruwa ko ɗaya. Sanyin saman gajimare yake aunawa. Hadarin da ya yi tsiri sama sosai kansa kan yi sanyi, kamar digiri 40 ƙasa da sifiri, sai a ƙiyasta ruwa daga daɗewar sanyin. To amma akwai siririn gajimaren ƙanƙara da ke can ƙololuwa, sanyi ƙalau, wanda ko yayyafi ba ya kawowa. Na'urar kan ɗauke shi hadari.

Mai sayen shanshera a kasuwar Lolo ba ya yarda da tiyar baƙo sai ya juye ta a tasa. Masana ma haka suke. Da hukumar NASA ta harba tauraron AIM a 2007 don nazarin gajimaren da ke kilomita 83 sama da ƙuryar arewa da kudancin duniya, ba a karɓi awonsa kai tsaye ba, sai da aka gwama na'urorinsa da juna, da na wasu taurari, da masu haska sama daga ƙasa. A nan maƙwabta, shirin nazarin damina na AMMA ya baza ma'aunan ruwa a kewayen Yamai da yankin Jugu na Jamhuriyar Benin, kuma da su ake gyara lissafin taurari.

Ma'aunin ruwa mai sauƙi gwangwani ne da mazurari. Ba kuɗinsa ke da wuya ba, wanda zai duba shi kullum da safe ya rubuta a littafi shi ne aikin. Jami'anmu dai sun fi son bikin ƙaddamar da hasashe a Abuja.

Hukumar hasashen yanayi ta NiMet da gwamnatin Kebbi, a kafa ma'auni a makarantun Illo, Tsamiya da Kaoje, a riƙa biyan malamin da zai kula da shi.