Fitilar Zenon a Hanyoyin Noman Rani

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na musamman yau ya nufi Kura da Bunkure, yankin da ruwan madatsar Tiga ya mayar da rani kamar damina. Tun 1974 da aka kammala madatsar, a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ke bin kanal yana shiga gonakin Kadawa da kewaye, a yau ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are. Amma ba shinkafa ko tumatir za mu tattauna ba. Fitilar motocin da ke kwashe su ce ta kawo mu.

Aikin wannan yanki rabinsa na dare ne. Tumatir ba ya jure rana, don haka motar da aka yi wa lodi a Kwanar Gafan takan kama hanyar Kudu da yamma, ta kwana tana tafiya. Akori-kura da Kanta na fito da buhunan shanshera daga lungunan gona bayan magariba. Mai ban-ruwa kuma na hawa babur ko keke da asuba, ya bi gefen kanal. Duk wanda ya san waɗannan hanyoyi ba zai zargi direban da ke neman ƙarin haske ba: ga ramuka, ga shanu, ga amalanke marar fitila. Shi ya sa da yawa suke zuwa Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari su sayo farar fitilar nan mai ɗan shuɗi, wadda ake kira zenon, a takarda kuma HID.

Mece ce ita? Ƙwan da muka saba da shi, halojin, siririyar waya ce a ciki take yin zafi har ta ba da haske. Zenon ba ta da wannan waya. Tartsatsin wuta ne ke tsallake tsakanin ƙarafa biyu a cikin iskar gas. Kamfanin BMW na Jamus ne ya fara sa ta a mota a 1991. Tana cin wat 35 ta ba da hasken da ya kai ninki biyu zuwa uku na halojin mai cin wat 55. Kafin tartsatsin ya tashi kuwa, sai an buga masa wuta mai ƙarfin bolt 20,000 ko fiye, kuma wani ɗan akwati da ake kira balas ne ke ɗaga wutar batir ya kai ta can. Malam mai wayarin, a kiyaye hannu: kada a taɓa wayar da ke tsakanin balas da ƙwai alhali makunni na kunne.

(Kiɗa kaɗan)

To, yaya ake haɗa ta yadda ya kamata? Balas na zuƙar wuta da yawa a daƙiƙun farko na kunnawa, fiye da abin da tsohuwar wayar fitila ta saba ɗauka, balle a motar da ta sha shekaru da gyare-gyare. Mai wayarin da ya san aikinsa yakan ja sabuwar waya mai kauri kai tsaye daga batir, ya sa fis dab da kan batirin, ya bi da ita ta rile. Tsohuwar wayar fitila aikinta ya koma taɓa rilen kawai. Sai ya kankare fenti a jikin mota ya ɗaure wayar at da kyau, domin rashin at ne ke sa fitila kyaftawa. Balas ɗin a ɗaure shi nesa da zafin inji, inda ruwa ba zai kai ba. Motar da ke ratsa laka a bakin kanal ta fi kowace bukatar wannan. A duba kuma ko na bolt 12 ne ko na 24, don manyan motoci da yawa 24 suke sha. Wanda ya murɗe waya da waya ya naɗe da leda, ya ce fis ɓata lokaci ne, gobara yake ajiyewa a ƙarƙashin bonet.

Sai dai wayarin shi ne mai sauƙin. Inda gizo ke saƙar shi ne gidan fitilar. Madubin da ke bayan ƙwai an ƙera shi ne daidai da wurin da wayar halojin take, yadda hasken dim zai kwanta a kan kwalta. Tartsatsin zenon da wayar halojin ba siffarsu ɗaya ba, ba kuma a wuri ɗaya hasken ke taruwa ba. Idan aka cusa shi a tsohon gida, haske sai ya watse sama da gefe. Direba ya ga gaban motarsa fari fat ya ji daɗi, na gaba kuwa ya makance, ya yi ta ba da hannu a yi dim, alhali a dim ɗin ake. Motocin da suka fito da zenon daga kamfani galibi gidansu mai gilashi ne kamar idon sa, da wani ƙarfe a ciki da ke yanke hasken sama. A Turai doka ta ɗora wa irin wannan fitila na'urar da ke daidaita ta da kanta da kuma mai wanke gilashinta. A Ingila, motar da aka cusa wa zenon a gidan halojin faɗuwa take a binciken lafiyar mota na shekara.

Na'urar daidaitawar nan ta fi shafar mu fiye da Turawa. Akori-kura idan ta sha buhunan shanshera bayanta zaunawa yake, hancinta ya ɗaga, fitilar da aka saita ba kaya ta koma kallon idon mutane. A babban titin Kano zuwa Zariya, mai hannu biyu, abin da sauƙi. A hanyar Karfi zuwa Bunkure da Rano, ko a siraran hanyoyin gona, ɗan babur da aka dallare wa ido ba shi da wurin kaucewa sai rami ko kanal. Ga kuma hazon hunturu, wanda ke zuwa daidai lokacin tumatir: farin haske mai ƙarfi na bugun ƙura ya dawo wa direban kansa. Masu sayarwa kan zuga mai saye da lambar 8,000 ko 10,000 da ke jikin kwali. Lambar launi ce, ba ta ƙarfi ba. Ta 4,300, mai ɗan rawaya, ta fi su haska hanya.

A ganina, mai tsohuwar mota ya fara da wanke gilashin da ya dushe, ya sa wa halojinsa rile da sabuwar waya, zai yi mamakin hasken da ya dawo. In kuwa sai zenon, a saye ta da gidanta. Bayan an haɗa, a kai motar gaban bango da dare, a fili mai daidai, tazarar mita 10, a kunna dim. Saman hasken ya sauka ƙasa da tsayin fitilar da kamar santimita 10. Idan motar ta kaya ce, a sake gwadawa bayan an yi lodi.

Nan za mu dakata. Direbobi da ke kan hanya yanzu, Allah ya sauke ku lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)